Motar da Na Gani a Yendi

Maigidana makaniki ne a Salaga, Allah ya jiƙansa. Ciwonsa ɗaya a duniya, tsofaffin motocin Amurka masu faɗin ƙirji, waɗanda in an tayar da su sai kaji su watse. Masu kuɗin zamanin da ne suka shigo da su, da suka mutu sai aka tura motocin cikin gida aka rufe. Namiji baƙo ba ya wuce zaure, don haka ni yake aikawa. Sai in ɗauki tiren turare da kwalli in yi sallama, ina ciniki ina baza ido.

Ban yi boko ba, wannan ma faɗa nake ana rubuta mini. A ƙasa yake zana mini da tsinke. "Maman yara, ki duba hancinta. In kin ga doki yana gudu, ki zaga baya ki ƙirga salansa. In biyu ne, ki fito ko da babu takalmi."

Shekara takwas yana neman mai dokin nan. Mun je Bawku sau uku, mun kwana a Bimbilla, babu. Sai wani direba ya kwatanta masa wani gida a Yendi.

Na shiga da hantsi. Bayan madafa akwai rumfar kwano, an ja tampol. Na ɗaga gefe. Ga doki. Motar ja ce, babu ko ƙura a jikinta. Ban kai ga zagawa ba na ji an riƙe mini hannu. Wata tsohuwa ce, tsumma a kafaɗarta.

"'Yata, turare kike sayarwa ko mota kike saye?"

Ta zaunar da ni, ta ce motar ɗanta ce, ya tafi Legas shekara goma sha ɗaya, ko wasiƙa babu. Kullum da safe tana goge ta. Ta ce ƙannen mijinta jira kawai suke mai saye ya leƙo.

"Ranar da ta fita gidan nan, sun binne ɗana ke nan. Ki rantse mini ba za ki faɗa wa kowa ba."

Na ce, "Mma, mijina yana ƙofa."

"Na sani. Ki rantse."

Na rantse da Allah.

Na same shi a gindin dalbejiya, ya cire hula yana juya ta. Na ce masa, "Keken ɗinki ne a ƙarƙashin tampol." Ya yi dariya, ya saya mini gasasshiyar doya a tasha, wai na sha wahala. Na riƙe doyar nan a hannu har Salaga, ban ci ba.

Bai daina nema ba. Shekara shida ina shiga gidajen mutane da tire, ina neman abin da na san inda yake. In na buɗe baki sai rantsuwa ta danne ni, in na yi shiru sai in ga ya ƙara rama. Har idonsa ya fara mutuwa yana cewa a kai shi garin Garu a duba.

Da ciwo ya kwantar da shi, wata rana ina ba shi koko ya ce, "Gidan nan na Yendi, kin duba da kyau kuwa?"

Na ce, "Na duba, Maigida."

Ya daɗe yana fuskantar inda muryata take. Ya ce, "To." Ya karɓi cokalin da kansa.

Kwana tara bayan haka ya cika. Ban sani ba ko tsohuwar tana raye, ko ta sake ni daga rantsuwar. Babu mai kai ni Yendi in tambaya, ƙafafuna ko bakin kasuwa ba sa kai ni. Dakata da rubutun, bari in share fuskata.