Buhunan Alayyafon Maman Dauda

Ko na yi ritaya ba zan manta da Alhamis ɗin da muka kwashe buhunan matan unguwar Arawa ba. Ku da kuka kama aiki bana, ku saurara.

Lokacin ina ƙaramar malamar gona a wani shiri na noman buhu. Abin ba wuya: a cika buhu da ƙasa da taki, a shuka alayyafo ko kuɓewa a tsakar gida, mace ta tsinki ganyen miyarta ba sai ta je kasuwa ba. Aikina shi ne bin gida-gida ina dubawa.

Cikin matan babu kamar Maman Dauda, wata Batangala da ke zaman haya. Mijinta na fama da ciwon suga, likita ya ce ya riƙa cin ganye kullum, kun kuwa san tsadar ganye a Gombe da bazara. Ruwan gidan ma saye suke yi. Wanda ta wanke shinkafa da wanda ta ɗauraye kwano take tarawa ta ba shukarta. Buhu tara, duk sun yi kore shar.

Ran nan Oga, shugaban shirin, ya kira ni. Wai baƙin da ke tallafa wa shirin za su zo Juma'a, kuma motocinsu ba sa shiga lungu. A tattaro buhunan da suka fi kyau a jera a harabar ofis.

Na ce, "Ranka ya daɗe, in aka jijjiga buhu saiwa na katsewa. Ga kuma zafi."

Ya ce, "Kwana ɗaya ne fa, Malama. Ke za ki koya mini noma?"

Na fita tattaro buhunan. Abin nan yana cina har yau.

Maman Dauda ta tsaya a ƙofa ana lodi. "'Yata, za a dawo da su dai ko? Baban Dauda da su yake cin tuwo." Na ce gobe da yamma, har da rantsuwata.

Baƙi ba su zo Juma'a ba, aka ɗaga zuwa Litinin. Oga ya ce kada a taɓa jerin, ya kulle harabar, ya wuce ɗaurin aure da makulli a aljihu. Ranar Asabar na zo da jarka biyu na ruwa, na tsaya a bakin get ina hangen buhunan. Rana na dukan siminti, ganye na kwanciya, ba yadda zan yi. Na yi kuka a titi, ban damu da masu wucewa ba.

Litinin da sassafe aka sayo alayyafo a kasuwa, aka soka a cikin buhunan. Baƙi suka yi hoto, suka tafa.

Ni na mayar mata da kayanta. Ta murza busasshen ganye a hannu, ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Na ce zan kawo mata sabon iri gobe.

"A'a, 'yata, bar shi," in ji ta. "In ya sake yin kyau, ai za ku sake zuwa."

A layin nan ba macen da ta ƙara karɓar iri daga hannuna. Abin da na koya ba mai daɗi ba ne: a aikin nan namu, wanda ya fi yarda da mu, shi muke fara cuta.