Da keke zuwa masaƙar da Baba ya yi aiki

Muna idar da sallar asuba muka hau kekuna daga Zawaciki, ni da abokaina. Su motsa jiki ya fito da su. Ni kuwa so nake in ga masaƙar da marigayi mahaifina ya yi aiki a Bompai, don tun rasuwarsa na kasa leƙa wajen.

Ta Challawa muka fara zagayawa. Warin jima ya tarbe mu tun kafin mu ga katangar kamfanonin fata, direbobin tirela na ta danna mana hon kamar titin gadonsu ne. A Sharada rana ta buɗe. Ma'aikata sun yi cincirindo gaban mai ƙosai, wasunsu da Hausar Damagaram a baki. Gumi ya jiƙe ni sharkaf. Na sayi ruwan leda, wanda shi ma ya yi tsada yanzu, na yi ta kwankwaɗa babu tsayawa.

Ban yi nisa ba na ji ruwa na kai-komo a cikina, jiki kuma babu ƙarfi. Dab da Bompai jijiyar ƙafata ta ɗaure. Na zauna a bakin titi, raina ya ɓaci, ina ganin ba zan kai ba.

Ɗaya daga cikinmu ma'aikacin jinya ne. Ya ce, "Malam, tumbi kawai ka cika. Sai ruwa ya gangara hanji yake shiga jini, kuma a hankali yake gangarawa. Gumin nan har da gishirin jikinka ya tafi." Ya sa ɗan gishiri da sukari a gorarsa, ya ce in riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Bayan na huta, ƙafar ta saki.

Mun tarar da masaƙar a garƙame, ciyawa ta cinye harabar, babu ƙarar inji ko ɗaya. Na daɗe riƙe da ƙarfen ƙofar, abokaina ba wanda ya ce in yi sauri.

Da azahar na isa gida, na san yanzu jiki ba ya karɓar ruwa da gaggawa, sai an bi shi a sannu. Inna na zaune a tsakar gida.

Ta ce, "Ka kai?"

"Na kai, Inna."

"Dalbejiyar bakin ƙofa tana nan?"

"Tana nan."

Ta ce, "A ƙarƙashinta Babanka ya fara yi mini magana, ina sayar da fura."