Kwamfutocin Ƙungiya da Alkawarin da Ya Wahalar da Ni a Guangzhou

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da yayana, ana ɗan yayyafi. Shi tsohon hannu ne a wannan hanya, wandunan jins yake sarowa daga ƙasar Sin. Ni kuwa ko Legas ban taɓa wucewa ba. Ƙungiyarmu ta mata maɗinka ce ta aike ni, domin ni nake koyar da kwamfuta a ɗan ajin da muka buɗe, kuma an daɗe ana tara gudummawa don a sayo ƙananan kwamfutoci na ɗorawa a cinya. Ku da kuke ta tambayata yadda tafiyar ta kasance, ga labarin, amma ku yi haƙuri da ni, har yanzu ban gama hucewa ba.

A jakata akwai wani faifai da nake riritawa kamar fasfo. Tsofaffin kwamfutocinmu manhajar sata ce a kansu, irin wadda ake kwafa a kasuwa, kullum cikin jinya suke. Sai wani malamin jami'a ya nuna mini wata manhaja da 'yan sa kai daga ƙasashe da yawa suke haɗawa. Sun rubuta wa masu amfani da ita alkawari: za ta zauna 'yantacciya, kowa ya kwafa, ya leƙa cikinta, ya gyara, ba za su ɓoye matsala ba, kuma buƙatar mai amfani ita ce a gaba. Na karanta na ji daɗi, na kwafi manhajar a faifan nan, ban san abin da ke jirana ba.

Lokacin ana daf da fara wasannin Olamfik a Beijin, an tsaurara komai. Bizar da aka ba mu 'yar gajeriya ce, Yaya ya ce bai taɓa samun irinta ba. Muka kwana a Legas, muka yada zango a wata ƙasar Larabawa, ƙafafuna suka kumbura a jirgi har takalmi ya ƙi shiga.

Zafin Guangzhou ba irin namu ba ne. Namu gasa mutum yake yi, nasu turara shi yake kamar dambu. Muka sauka a unguwar Sanyuanli, kusa da kasuwar tufafi ta Canaan, inda na ji Hausa kala-kala: ta Kano, ta 'yan Nijar mai gauraye da Faransanci, da ta wani dattijo ɗan zangon Kumasi da zai yi mana lodin kaya, wanda ya dage sai ya kira ni Mma. 'Yan sanda suna tsaye a bakin hanya suna duba fasfo, har na saba fito da nawa tun kafin a tambaya. Abinci kuwa, Sinawa Musulmi suna da wata taliya da ake ja da hannu a gabanka, da romon naman sa, kuma ba tsada. Na gwada tsinkayen cin abincinsu sau ɗaya, taliya ta koma kan mayafina, daga nan na riƙa yawo da cokalina.

Yaya ya ce mu fara leƙa Xintang, garin da ake ɗinka jins, wai yini ɗaya ne. Yinin nan ya haihu ya yi jikoki. Garin duk shuɗi ne, har ruwan kwata, kekunan ɗinki suna ruri ta ko'ina. A matsayina na maɗinkiya na yi sha'awa a ranar farko. Bayan nan zama kawai nake a kan buhu ina kallon Yaya yana jayayya a kan zif, biza tana ta ƙonewa.

Da kyar muka isa Tianhe ta jirgin ƙarƙashin ƙasa. Unguwa ce a Guangzhou mai kasuwar kwamfuta hawa bisa hawa, kowane shago da nasa kiɗan. Muka tsaya wurin wata mata mai kaifin baki, ana ce mata lawban, wato mai shago. Da kalkuleta aka yi cinikin, ta buga, na goge, na buga, ta dafe ƙirji. Da muka daidaita na ba da kafin alƙalami, sai ta ce za ta loda mini duk manhajojin duniya kyauta. Na ce na gode, da tawa na zo. Ta dubi faifan ta dubi Yaya, kamar tana tambayarsa ko lafiyata ƙalau.

Na ɗora manhajar a kan guda ɗaya don gwaji. Komai ya tashi, har haruffanmu masu lanƙwasa suka fito tsaf. Abu ɗaya ne ya ƙi: ɗan katin da ke kamo intanet ba tare da waya ba. Mu kuwa da shi muka dogara, domin mai shagon intanet da ke maƙwabtaka da ajinmu ya yarda mu riƙa jan nasa ta iska. Wani rubutu ya fito a allo yana cewa katin yana buƙatar wani ɓangare da kamfanin da ya ƙera shi ya rufe, ba wanda zai iya duba cikinsa, don haka masu manhajar ba su sa shi a faifan ba, saboda alkawarin da suka ɗauka. Wato abin da ya burge ni a Kano shi ne ya tsaya mini a wuya a Sin. Lawban ta yi murmushi ta ɗaga nata faifan. Yaya ya ce, "Ke dai kin cika taurin kai. Ki bari ta sa nata mu tafi, matan nan ina suka san bambanci?"

Da yamma na shiga wani shagon intanet na rubuta wa masu manhajar saƙo mai zafi. Ko sallama ban yi ba. Na ce su suna zaune a ƙasashensu suna wasa da aƙida, ni ina riƙe da amanar mata a wata uwa duniya. Na ɗauka ofis saƙon zai je, wani ma'aikaci ya karanta. Washegari na tarar da shi a fili, duk duniya tana gani, har da kurakuran Turancina. Na roƙi a cire. Aka amsa mini cikin ladabi cewa duk ƙorafin da aka kawo a buɗe yake zama, don wanda zai faɗa irin ramin ya gani.

Sai kuma suka kaure da muhawara a ƙarƙashin saƙon. Wani ya ce ko kusa kada a sassauta. Wata ta ce ai alkawarin ya ce mai amfani ne a gaba, kuma suna da wani rumbu na gefe inda ake ajiye irin waɗannan rufaffun abubuwa ga wanda ya matsu. Wani ya kawo tarihin yadda aka tsara alkawarin tun farko. Na zauna ina karantawa ina cizon yatsa. Gida yana cin wuta, su suna gardamar wace rijiya ce ta halatta a ɗebi ruwa.

A can ƙasa na ga wani gajeren saƙo. Wani Basine ne, ya ce a Guangzhou yake, yana koyarwa a wata jami'a da ke Tianhe, zai zo shagon ranar Asabar. Ya zo kuwa, mutum mai furfura da 'yar jaka a baya, Turancinsa a hankali kamar mai taka ƙaya. Ya kwance bayan kwamfutar ya duba, ya ce hanya biyu ce. Ko ya ɗauko rufaffen ɓangaren nan daga rumbun gefe, ta yi aiki yau, amma ranar da ya lalace ba wanda zai iya gyara mini a cikin masu manhajar. Ko a canza katin da wani iri wanda cikinsa a buɗe yake, sai dai lawban ta ce in an taɓa, babu ruwanta da garanti.

Na ce ya zaɓa mini, shi ya sani. Ya girgiza kai.

"Kwamfutocinki ne, Malama. Nawa in faɗa miki gaskiyar kowace hanya."

Na ji kamar in kwaɗa masa jakata. Na zo neman wanda zai sauke mini kaya, shi kuma ya gyara mini gammo ya mayar mini a ka. Na fita bakin shago na tsaya ina tunanin matan nan, musamman wata gwauruwa da ta sayar da tunkiyarta don ta sa hannu a gudummawar. Garanti daga Guangzhou, wa zai kawo kwamfuta daga Kano don ya karɓe shi? Na dawo na ce a canza.

Nan wata wahalar ta fara. Muka bi shaguna hawa-hawa, ni da shi da Yaya yana gunaguni a baya, ko'ina amsa ɗaya ce: meyo, wato babu. Wani ya ce akwai, ya aika a ɗauko, aka kawo mana wani abu dabam. Zuwa la'asar mun samu, amma bai kai yawan kwamfutocin ba, biza kuma ta zo ƙarshe. Dole aka canza wa waɗanda aka samu, sauran aka sa musu rufaffen. Basinen bai yi mini wa'azi ba, ya dai liƙa 'yar alama a ƙasan kowacce don in san wacce ce wacce. Lawban ta tsaya tana kallonsa yana aiki, daga baya har ta ce ya kwafa mata faifan, wai ko wani mai irin ciwona zai sake zuwa.

Ya ƙi karɓar ko sisi. Na ciro turmin atamfa da na sayo a Kantin Kwari na ce ya kai wa matarsa. Ya buɗe ya duba gefen, ya yi dariya a karo na farko, ya nuna mini rubutun: a ƙasarsu aka yi ta. Ya karɓa dai. Abin da ya roƙa shi ne in koma ƙarƙashin saƙona in rubuta yadda aka warware matsalar, da sunan katin da ya yi aiki. Na rubuta a safiyar da za mu taso, wannan karon da sallama. Muhawararsu kuwa na bar ta tana ci.

Mun sauka Kano lafiya, ni da mura da kumburin ƙafa. Kayan suka biyo baya ta hannun dattijon Kumasi, ba abin da ya fashe. Abin da na koyo, mai riƙe alkawari yana da wuyar zama. Zai ɓata maka lokaci, ya ƙi yi maka 'yar ƙaryar da za ta sa ka barci, ya bar ka da zaɓinka. Na yi fushi da mutanen nan fiye da yadda na yi da lawban, amma da na zauna na duba, ba inda suka rufe ni.

Ranar da muka jera kwamfutocin a aji, shugabar ƙungiyarmu ta zo gani. Na ba ta labari tun daga farko. Ta saurara, sannan ta tambaye ni ina ofishin mutanen yake, in abu ya lalace wa za a kama. Na ce ba su da ofishin da za a je, Hajiya, mutane ne kawai a warwatse da alkawarin da suka ɗaukar wa juna. Ta shafa murfin ɗaya daga cikin kwamfutocin.

"To ai mu ma haka muke," in ji ta. "Kunna mini in gani."