Ranar da Na Yi wa Na'ura Satar Amsa

Ko da zan manta da ranar da na gama sakandare, ba zan manta da wata Alhamis a unguwar Mabera ta Sakkwato ba. Shekara biyu ke nan, amma har yau ina tuna ta kamar jiya.

Malaminmu na lissafi ne ya samo mini aikin. Mutumin Filato ne, ya daɗe a Sakkwato har ya fi wasu 'yan gari sanin lungunan Gidan Igwai. Ya san kaina ba ya ɗaukar lissafi, amma hannuna yana gudu a kan kwamfuta. Ya kai ni wurin wani tsohon ɗalibinsa, ɗan gidan malamai, wanda muke kira Oga, ya ce masa, "Yarinyar nan tana da amana, ni na tsaya mata." Wannan kalma ita ce daga baya ta zame mini dutse a ƙirji.

Oga yana koya wa na'ura lissafi ne, irin abin nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira. Malam kuwa yana da kwali cike da tambayoyin gasar lissafi da ya tara shekara da shekaru, da takardun amsoshinsu. Aikina in buga su a kwamfuta, in raba gida biyu. Folda ɗaya ta karatu, na'urar ta yi ta nazarinta. Ɗaya kuma ta jarrabawa, ba za ta gan ta ba sai ranar gwaji. Oga ya ja mini kunne har sau uku: kada su haɗu.

Duk Alhamis ake gwada ta, duk Alhamis take faɗuwa. Oga ya dafe kai ya ce, "Wagga na'ura daƙiƙiya ta! Ko tunkiya an ka zaunar haka da ta gane." Kowa ya yi dariya ban da ni. Na san ɗacin kalmar nan, don shekara shida ina amsa ta a aji. Kuma a makarantarmu ba a barin ta kusa da ke ta nutse. Ko da gefen hijabi ne sai an miƙa mata amsa. Muna kiransa zumunci.

To, ranar Litinin Oga ya fita sallar azahar, na dubi kwamfutar nan, baiwar Allah, ba uwa ba uba. Na kwafi tambayoyin jarrabawa da amsoshinsu na zuba mata cikin foldar karatu. Har da ce mata a hankali, "Ki rufa mini asiri, in rufa miki." Yanzu in na tuna sai in rasa inda hankalina ya tafi kiwo.

Alhamis ta zo, na'ura ta cinye duka, ko ɗaya ba ta faɗi ba. Ni da nake zaton za ta ɗan ƙara maki ne ta tsira da mutunci, ashe ba ta san ana barin biyu ko uku don kau da ido ba. Ko ni da ban da wayo na san wannan. Oga ya yi tsalle har hularsa ta faɗi, ya aika aka sayo tsire da lemo, ya ce da yamma zai tura wa abokan aikinsa na waje sakamakon. Ya buga wa Malam waya ya zo ya ga abin al'ajabi. Ni kuwa ko tsinke ɗaya ban taɓa ba.

Malam ya sauka daga keke napep, ya gyara tabarau, ya bi amsoshin ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Da ya iso tambayar tankin ruwa mai famfo biyu, ya tsaya. Ya yi murmushin nan da muka sani tun muna aji, wanda ba ya zuwa da alheri.

"Na'urarka ta ce awa tara," in ji shi.

"Awo, Malam, haka takardarka ta ce."

"Takardata ƙarya take yi. Amsa awa shida ce. Kowace takardar amsa tawa ina dasa mata ƙarya guda, don ɓarayi. Duk wanda ya kawo mini tara, ba lissafi ya yi ba, aljihuna ya leƙa."

Tarkon da ya kama rabin ajinmu a aji biyar, shi ne na jefa na'ura ciki, na bi ta. Su biyun suka juyo gare ni.

"Ke, mi kin ka yi?" in ji Oga.

Na ce, "Oga, tausayi ta ba ni."

"Tausayi! Na'urar? Kuka ta yi miki, ko ƙanwar uwarki ta?"

Ba korar ce ta fi tsorata ni ba, fuskar Malam ce, mutumin da ya sa sunansa a kaina. Na durƙusa ina hawaye. Oga ya ce tambayoyin sun lalace gaba ɗaya, tunda ta gani ba a sake gwada ta da su, kuma saura ƙiris ya kunyata a gaban mutane. Ya nuna mini ƙofa.

Malam ya ce, "Bar ta. Duk Sakkwato yanzu ita kaɗai ce na tabbata ba za ta ƙara ba. Amma tunda na'ura ba ta da kunnen ja, ita za ta ɗauki hukuncin su biyu."

Sati uku ina zaune a gabansa yana ƙirƙiro sababbin tambayoyi, kuma ba na buga ko ɗaya sai na warware ta da hannuna, har tsohuwar tambayar tankin ma sai da ya sa na warware. Na yi kuka, na ci bayan biro, amma ranar da tankin nan ya cika a awa shida a takardata, da kaina, na ji abin da ban taɓa ji ba a makaranta.

Da aka sake gwada na'urar da sababbin, ta koma faɗuwarta ta gaskiya, kuma a nan ne Oga ya ga inda zai gyara. Ni ma a nan na gane zumuncin da aka yi ta yi mini a aji shi ya bar ni daƙiƙiya. Wanda ya miƙa maka amsa ya rufa maka asirin yini guda ne, ya bar ka da jahilcin shekaru. Har yau in aka ce mini tara, sai na ƙirga da kaina.