Ruwan Saman da Warsini Ta Kawo wa Mak Rukini

Duk wanda ya tashi a Tambak Wetan ya san fararen jiragen nan masu hawa goma sha biyu da ke shigowa tashar Semarang da sassafe, su juye baƙi cikin manyan motoci, kafin magariba su kwashe abinsu su yi gaba. Muna hango su daga bakin ruwa muna ɗinkin koma. Ba mu taɓa kawowa a ranmu wata rana 'yar unguwarmu za ta sauko daga ciki da katin fasinja a wuya ba. Sai ga Warsini, 'yar Mak Rukini mai bandar kifi.

Tana da shekara ashirin da tara teku ta ci mijinta, ba ɗa ba jika, ta tattara 'yan komatsanta ta tafi aikatau Singafo. Gida ɗaya ta zauna shekara ashirin da biyar, gidan wata Madam Kwek da take kira Ama kamar yadda jikokin gidan ke kiranta. Ta yi rainon jikokin, ta yi jinyar maigidan, ga shi yanzu ita ke tura keken tsohuwar. A farkon tafiyarta duk shekara biyu takan zo ganin gida. Sai shekara goma sha ɗaya da suka wuce, a sati guda, ciwo ya kayar da Mak Rukini a nan, mijin Ama kuma yana gargara a can. Warsini ta ce bari ta ƙara kwana uku, ai Mak mai ƙarfi ce. A kwana na biyu Mak ta cika. Kasmuri, ƙanen Warsini, ya kira ta a waya, bai yi kuka ba, bai ɗaga murya ba.

"Mun rufe ta, Yu," ya ce, don haka muke kiran babbar yaya. "Ki zauna wurin waɗanda kika zaɓa."

Daga ranar ba ta sake tako ƙasar nan ba. Kunya ce ta hana ta, da fushi, kuma kowace shekara sai abin ya ƙara nauyi. Shi ma Kasmuri taurin kan gidansu ya gado, ko gaisuwar Sallah sai dai matarsa ta aika.

Amma akwai maganar da ta ƙi barin Warsini ta sake. Rijiyoyinmu duk zartsi ne, kuma Mak Rukini ta shekara arba'in tana cuɗa kifi da gishiri har tafin hannunta ya tsattsage. Abu ɗaya take ji da shi a duniya, randar ruwan samanta, wadda ko kaza ba ta isa ta leƙa ba. Duk watan Sha'aban idan suka je share kaburburan dangi, suka watsa fure, suka zuba ruwa kamar yadda kowa ke yi, sai ta dubi 'yarta ta ce, "War, ranar da na kwanta a nan, kar ki kuskura ki ɗebo mini na rijiya. Na sha gishiri ya ishe ni. Na sama nake so, kin ji ko?" Warsini takan yi dariya ta ce ta ji.

To, da ɗan Ama ya yankar wa uwarsa tikitin yawon shan iska na kwana biyar don murnar cikarta shekara tamanin da biyar, dole aka yanki na mai tura keke. Warsini ta duba takardar tafiya, ta ga Semarang, rana ɗaya, kuma a tsakiyar Sha'aban. Sai da ta nemi kujera ta zauna. Sati uku tana ajiye kwano a bakin taga duk sanda hadari ya haɗo, ta tace da farin ƙyalle, har ta cika babbar robar ruwa, ta naɗe ta cikin zane ta cusa a ƙasan jaka.

Zaman jirgi bai karɓe ta ba sam. Masu kawo abinci, yawancinsu 'yan ƙasarmu ne, suna ce mata Madam, ita kuwa da an gama ci sai ta miƙe ta fara tattara faranti, sai Ama ta daka mata tsawa. Safiyar da suka iso ta fito saman jirgi ta riƙe ƙarfe tana neman unguwarsu. Ta gane dogon bututun hayaƙin tashar lantarki, ta gane koren hasumiyar masallaci. Ta nemi itatuwan maƙabarta ba ta gani ba, ta ce ko hazo ne.

Sai ƙarfe goma ta gama yi wa Ama wanka da ba ta magani. Matar ɗan Ama ta ɗan ɓata rai, tsohuwa ta kore maganar da hannu.

"Sini," in ji ta, don haka take kiran Warsini, "tafi abinki, ni ba jaririya ba ce. Amma huɗu da rabi suke janye tsani, kin ji da kunnenki. In suka bar ki, wa zai dama mini kunun shinkafa? Wannan? Gara in sha ruwan wanki."

Ɗan acaɓa ya tsaya da ita kasuwa, ta sayi furen wardi da yasmin a ganyen ayaba, ta sayi 'yar tsintsiya don shara.

"Wace maƙabarta za ki?" in ji mai furen.

"Ta Tambak Wetan."

Matar ta dubi tsintsiyar, ta dubi Warsini, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai kawai ta ƙara mata fure cikin hannu guda ta ce Allah ya karɓa.

Niyyarta ta wuce kai tsaye ta yi ziyararta, ta koma jirgi ba tare da ta haɗa ido da Kasmuri ba. Ta bi ta bayan masallaci, ta wuce rumfunan banda, ta karya kwanar da ƙafarta ta sani tun tana yarinya. Hanya ta ƙare a ruwa. Ruwa ne baƙi-baƙi shimfiɗe har inda ido ya tsaya, da kututturen itatuwa biyu da suka bushe a tsaye. Ta ce ɓata ta yi. Ta koma masallaci ta sake farowa, ta ƙirga lunguna, ta sake ɓullowa wuri ɗaya. Ta daɗe a tsaye da tsintsiya a hannu, sannan ta juya ta nufi gidan da ta rantse ba za ta shiga ba.

Ƙofar da a da take shiga da kwandon kifi a ka, yau sai da ta duƙa har hannunta ya taɓa ƙasa. Haka gidajenmu suka koma, ƙasa na nutsewa, teku na hawowa, duk 'yan shekaru mu ƙara ciko a daɓe, rufi yana matsowa kanmu. Kasmuri na zaune yana gyaran ƙugiya, furfura ta cinye masa kai. Ya ɗago ya gan ta, ya ga katin da ke wuyanta.

"A'a, manyan baƙi. Motar masu yawon buɗe ido ce ta yi ɓatan kai?"

"Mur, ina Mak?"

Ya ajiye ƙugiyar. Sai a lokacin ya lura da furen da tsintsiyar.

"Tana inda muka sa ta, Yu. Ruwa ne ya zo ya same ta."

Ya zuba mata shayi, ba ta taɓa ba. Ya ce shekara shida ke nan da teku ta shafe wurin gaba ɗaya. Sanda ruwan yake iya idon sawu, gidaje da yawa sun tono nasu sun mayar tudu.

"Kai me ya hana ka?"

"Kin san ba a ɗaga uwa sai babba ya yarda. Ke ce babba."

"To ka tambaye ni? Waya ta ƙare a duniya?"

"Sau uku ina ɗaukar wayar," ya ce, idonsa a ƙasa. "Sai in ce, wadda ba ta zo rufewa ba, ina ruwanta da tonowa. Ina wannan jan ajin damina ta zo. Ni na bar ta a ruwa, Yu, ba ke ba."

Ta zo da maganganu cike da ciki, na shekara goma sha ɗaya, ta neme su ta rasa. Tausayinsa ya kama ta, abin da ba ta shirya masa ba.

"Kai ni," ta ce.

"Sai ruwa ya janye, wajen ƙarfe biyu. Yanzu ko ni ba zan gane wurin ba."

"Huɗu da rabi jirgi ke rufe ƙofa."

"To ki roƙi teku ta yi sauri."

Suka yi azahar, suka zauna jiran janyewar ruwa, ita tana duba agogo. Biyu saura ya ja kwale-kwalensa, ya ɗauki doguwar sandar gora. Ya tuƙa har bututun tashar lantarki ya ɓuya daidai bayan hasumiya, ya dinga matsawa a hankali har busasshen itacen hagu ya yi daidai da kan gada, kamar yadda masunta ke gane ramin kifi. Nan ya kashe inji ya fara caka sandar. Laka. Ya matsa, laka. Biyu da rabi ta wuce, uku ta kusa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Can sandar ta ce ƙwas.

"Ga ta nan. Wannan dutsen wajen kanta ne. Duk Alhamis nakan zo in kafa mata alama, igiyar ruwa ta tumɓuke. Watsa furen daga nan, haka kowa ke yi yanzu."

Suka karanta Fatiha, ta watsa fure, ruwa ya kwashe ya yi gabas da shi. Sannan ta kwance zane ta fito da robar. Kasmuri ya gane ko mene ne, don shi ma ya sha jin maganar nan ta Mak.

"Haba Yu. Ruwa a kan ruwa? Kina tsiyayawa ya zama teku."

"Zurfinsa nawa?"

"Zai kawo miki ƙirji. Ke, akwai fasassun kwalabe da kawa a ƙasan nan! Yu War!"

Ta riga ta cire katin ta miƙa masa, ta kama gefen kwale-kwalen ta zura. Laka ta haɗiye ta har ƙwauri. Ta riƙe sandar, ta dinga laluben gindinta da yatsun ƙafa har suka taɓa abu mai tauri, mai kaifin ɓawon kawa. A wurinmu ko tsallaka kabari ba a yi, balle takawa, ga shi yau ta nemo kan uwarta da tafin ƙafa.

"Mak, ni ce War," ta ce. "Ki yafe mini, da ƙafa na zo miki. Na makara, Mak. Amma na kawo."

Ta kifa robar, ta ja numfashi, ta nutse. A cikin duhun ruwan ta dafa dutsen da hannu ɗaya, ta manna bakin robar a jikinsa, ta murɗe murfin, ta matse da duk ƙarfinta. Ta ji sanyin ruwan saman yana bi ta tsakanin yatsunta, daban da ɗumin teku. Ba ta ɗago ba sai da robar ta lotse.

Kasmuri ya jawo ta ciki. Ƙafarta na jini, shi kuma yana kuka wiwi kamar ba dattijo mai jikoki ba.

"Ya isa gare ta?" ya tambaya.

"Ya isa. Na ji shi."

Ya cire rigarsa ya ɗaure mata ƙafar, ya tayar da inji, ya nufi matattakalar da ta fi kusa da ƙofar tasha. Huɗu da kwata ta taka tudu. Ya miƙo mata katinta, ya riƙe tsintsiyar yana jujjuya ta, bai san yadda zai yi da ita ba.

"Ajiye ta," ta ce. "Baɗi zan zo ta jirgin sama, in kwana. Ka gyara mini ɗaki."

"Sai kin duƙa fa."

"Na iya."

Ita ce ta ƙarshe da ta hau tsani, jiƙe sharkaf, tana ɗingishi, fasinjoji masu hulunan rana suna darewa suna kallonta. Ta tarar da Ama a saman jirgi, an ajiye kekenta ta fuskar unguwar masunta. Tsohuwa ta dube ta daga sama har ƙasa, ta ga lakar, ta ga jinin, ta ga lotsattsiyar robar da ta ƙi yarwa.

"Kin ga mahaifiyarki?"

"Ban gan ta ba, Ama. Na dai taɓa ta."

Tsohuwa ta kamo jiƙaƙƙen hannun ta riƙe gam.

"Kwana ukun nan da kika ƙara saboda mijina, na san abin da suka ci miki. Ban taɓa buɗe baki na ce miki komai ba, don na ji tsoro kar ki tafi."

Jirgi ya yi ƙara, aka kwance igiyoyi. Can ƙasa, daidai inda bututun ya ɓuya bayan hasumiya, wani ɗan kwale-kwale ya koma ya tsaya, mutumin ciki ba riga, yana kafa sandar gora a cikin ruwa. Warsini ta nuna da yatsa.

"Ga ta can, Ama. Ga Mak can."