Alƙalamin da Na Miƙa wa Inna Habsu

Ana sallame sallar asuba muka bar Zinder ranar Talatar da ta wuce, mu huɗu cikin farar motar ma'aikatar lafiya: shofer mai tuƙa mu, da wani likita matashi, da mai rubuta mana rahoto, da ni. Masu bibiyata kun sani bara aka ba ni kujerar mata a kwamitin lafiya na gunduma, aka ce aikina in ga magani ya kai ga waɗanda ba su da mai yi musu magana. Na saba in dawo daga tafiya in zazzage muku laifin wasu. Yau nawa zan faɗa.

Abu biyu ya kai mu wani ƙauye a bayan Guna, wanda ba zan ambaci sunansa ba. Na farko, matan garin su zaɓi wadda za ta zauna musu a kwamitin ɗakin shan magani. Na biyu shi ne mai nauyin. Majo, ma'aikacin jinyar da ke riƙe da wurin, ya aiko mana cewa akwai wata baiwar Allah mai yoyon fitsari, shekara shida ke nan tun wata haihuwa da ta zo mata da gardama. Ba ta zuwa suna, ba ta zuwa rijiya sai kowa ya watse. Ungozomar garin, Inna Habsu, ta yi wata uku tana lallashinta har ta yarda ta biyo motarmu a yi mata aiki a Zinder. Majo ya ce ko shi bai taɓa ganin fuskarta ba, ta bakin tsohuwar kawai yake jin ta.

Mun wuce duwatsun bakin gari rana ba ta fito ba, mata sun riga sun jera jarkoki a bakin famfo, 'yan kabu-kabu suna ta hamma a kan baburansu. Gudron Mirya, wato titin kwalta, lafiya lau, in ka cire ramukan da shofer ɗinmu ya sani kamar 'ya'yansa, har yana nuna mana wanda aka haifa bana. A Mirya muka tsaya muka karya da ƙosai da kunu. Na sayi rake da goyaba, na yi ciniki har mai goyabar ta ce, "Hajiya, ke da kika fito daga motar gwamnati?" Na ce mata motar ce ta gwamnati, jakar tawa ce.

Daga nan muka sauka kan jar hanya. Kaka ta yi kyau a wannan yanki, Alhamdu lillahi. Amalanke bayan amalanke, shanu na jan damman gero, gyaɗa a shanye cikin gonaki an kifa ta tana kallon sama. Tiyar gyaɗa a bakin hanya ta fi ta kasuwar Zinder sauƙi nesa ba kusa ba, sai dai shofer ya hana mu saye, ya ce motar lafiya ce ba ta fatauci ba. Sau ɗaya muka kafe cikin rairayi, likitanmu ya sauka turi da farin takalmi. Yana ta kakkaɓe takalmin har muka ga hasumiyar masallacin garin.

Kafin in kai ku taron, sai na faɗa muku wani abu a kaina. Ni ban shiga lakwal, makarantar boko, ina yarinya ba. Ina da shekara arba'in da ɗaya na fara zama a ajin yaƙi da jahilci, da jikata a baya. Abin da ya kai ni kuwa, wata rana ce a asibiti da wani ma'aikaci ya kama babban yatsana kamar mai kama ƙafar akuya, ya dangwala a tawada, ya danna a takarda, bai ko dubi fuskata ba. Tun ranar na tsani tawadar nan. Da na hau kujera, a zaman farko na kafe cewa duk macen da za ta wakilci mata a kwamitin ƙauye sai ta rubuta sunanta da hannunta. Wani dattijo a cikinmu ya ce, "Hajiya, a ƙauye fa?" Na taso masa har ya yi shiru. Aka rubuta dokar. A safiyar tafiyar nan ma, da hannuna na cire gwangwanin tawadar daga jakar mai rahoto na bar shi kan tebur.

Maigari ya tarbe mu da fura mai sanyi da nono mai kauri, irin wanda a birni sai dai labari. Aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin wata tsamiya a gaban ɗakin shan magani. Mata suka cika wurin, wasu da ƙasar gona a ƙafa. Majo ya raɗa mini cewa mai lalurar tana nan bayan rumbunan maigari, inda take jin komai ba a ganin ta, ta ɗaure kayanta tun safe. In an watse, tsohuwar za ta riƙo hannunta zuwa mota.

Zaɓen bai ɗauki lokacin shan ruwa ba. Ina cewa wa kuke so, suka ce Inna Habsu, baki ɗaya. Ta taso: 'yar gajeruwa, ido ɗaya ya yi fari, zane ya koɗe amma wankakke. Tana tafiya tana tsokanar mutane. Ta dubi likitanmu ta ce, "Wannan yaron ne dokto? Allah ya sa an yaye shi." Wuri ya ɗauki dariya, har shi.

Sai na ɗauko takardar, na miƙa mata alƙalami.

Ta ce, "Ɗiyata, ina abin dangwalawar?"

Na ce, "Inna, mun daina dangwale. Wakiliyar mata sunanta take rubutawa."

"Sunana kowa nan ya san shi. Rabin waɗanda ke zaune ni na yanke musu cibiya. Har maigarin."

Maigari ya sunkuyar da kai yana murmushi. Majo ya matso ya ce a hankali, "Hajiya, a bari in rubuta mata." Nan ne ya kamata in yi shiru. Ban yi ba. Na ɗaga murya yadda na bayan rumbu ma zai ji, na ce ni da suke gani sai da na haura arba'in na koya, kuma ba wadda za ta je gaban manya ta yi wa mata magana alhali ana kama mata yatsa. A raina ƙarfafa su nake yi. Na saba faɗin wannan maganar a taron birni a yi mini tafi.

Inna Habsu ta karɓi alƙalamin. Ta riƙe shi a dunƙule kamar muciya, ta kai shi kan takarda. Ta ja wani layi ya karkace ya fita daga gidan da aka tanada don rubuta suna. Wasu 'yan mata a gefe suka yi ƙus-ƙus, ɗaya ta kasa riƙe dariyarta. Tsohuwar ta daɗe tana kallon layin da idonta mai gani. Sannan ta ajiye alƙalamin a kan tabarma, ba ta jefar ba, ta ce, "Allah ya ba ku mai rubutu." Ta sa takalminta ta tafi.

Ba wanda ya yi mini rashin kunya. Da ma sun yi. Ɗaya ta tuna ta bar tukunya a wuta, ɗaya ta ce akuyarta ta kwance. Kafin mai rahoto ta gama gyara takardunta, tabarmin sun koma fayau. Mace uku suka rage, a cikinsu ɗaya ce mai rubutu, matar mushen lakwal, wato malamin makarantar garin, 'yar Zinder, wadda da bakinta ta ce mana baɗi za a canza wa mijinta gari. Ita muka rubuta. Rubutunta kyakkyawa ne ƙwarai.

Majo ya zagaya bayan rumbu ya dawo shi kaɗai. Ya buɗe mini tafin hannuwansa.

Na ce a kai ni gidan tsohuwar. Na same ta zaune tana ɓarar gyaɗa. Ta ba ni tabarma, ta ba ni ruwa, ta tambaye ni gajiya da mutanen gida, duk gaisuwar ba ta rage ko ɗaya ba. Na durƙusa, abin da na daɗe ban yi wa kowa ba, na ce, "Inna, na yi kuskure, ki yafe mini."

Ta ce, "Ni ba komai, ɗiyata. Na tsufa da jin kunya. Waccan baiwar Allah ce abin ji."

"Ina take?"

"Ta bi ta gona, ta koma tungar yayanta. Na tare ta a hanya. Ta ce mini, Inna, ke da ba ki wari an yi miki haka a gaban mutane, ni in na je garinsu me za su yi mini?"

Na ce mu bi ta da mota. Ta ce in farar mota ta tsaya ƙofar gidan nan, duk tungar za ta fito kallo, abin da ta yi shekara shida tana gudu ke nan. Na ce to yaushe. Ta watsa ɓawon gyaɗa gefe ta ce, "Wata uku na yi a kan na farko, kuma lokacin ba ta ji muryarki ba."

Mun ci tuwon maigari da miyar kuka don ba a ƙin abincin mutane, amma ban san ɗanɗanonsa ba. Da la'asar muka kama hanya. Amalanken suna nan, gyaɗar tana nan, ba wanda ya yi zancen ciniki. A Mirya likitan ya ce, don ya sanyaya mini rai, ai dokar ce ta jawo. Na ce masa ya daina, dokar ni ce uwarta. Mun shigo Zinder ana kiran magariba, mu huɗu kamar yadda muka fita.

Washegari na je wurin babban likitan gunduma na ce a soke sharaɗin rubutun nan, kuma a sa Inna Habsu a kujerar da matan suka ba ta. Ya ce abin da kwamiti ya ɗaura kwamiti ke kwancewa, sai zama na gaba. Gaskiyarsa ce. Zan tashi a gaban dattijon da na taso wa in ce shi ne mai gaskiya, kuma wannan ba zai kashe ni ba.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba mai daɗi ba ne. An wulaƙanta ni da tawada, na yi shekaru ina jin zafin, da na samu kujera sai na ɗauki zafin nan na mai da shi ƙofa, na tsaya a bakinta ina tantance masu shiga. Karatu alheri ne, har gobe zan kira mata su zo aji. Amma ba a aike ni ƙauye in duba wa ta iya riƙe alƙalami ba. An aike ni in taho da mace ɗaya da ta amince da tsohuwa ɗaya, kuma ni na raba ta da wannan amincewar da bakina.

Dokar za a gyara ta da layi biyu a takarda. Ita kuwa baiwar Allah tana can tungar yayanta, yau ma za ta wanke tsummanta ta shanya a inda ba mai gani. Jiya na kira Majo. Ya ce Inna Habsu ta je tungar sau biyu, an ce mata ba ta nan.