Jar Shinkafar Inna

Yayana bai taɓa wuce Kano ba, ni kuwa har Legas da Agadas na kai barkono. Shi ya sa duk zuwan da zan yi gida Auyo sai na riƙo masa abin burga. A shekarar nan, wata ƙatuwar waya ce.

Da la'asar, a gindin tsamiya, na kunna masa wani katun mai dogon zango da aka fassara da Hausa, na jirgin da ke yawo cikin taurari. Na'ura ce ke tuƙa shi, sai wani tsoho da kullum yake musu da ita, wai jikinsa ya ba shi hanyar nan ba ta da kyau. Yaya ya ce katun ai na yara ne, amma sai da ya kalli kashi shida.

Ya ce, "Tsohon nan ya fi ta gaskiya."

Na ce, "Yaya, don dai gemunku iri ɗaya ne."

Akwai wani irin jar shinkafa da Innarmu ta bari, babu mai shi a garin sai mu. Ƙa'idarta ita ce a shuka rabi, a toshe rabi a tulu. Yaya ya ce bana ma rabin a can gefen tudu zai zuba, don ya ga tururuwa na kwashe ƙwai suna hawa sama, kuma kogi ya yi ja da wuri.

Na nuna masa hasashen yanayi a waya: damina za ta yi ƙarancin ruwa. Na ce ya zuba duka a ƙasan fadama inda danshi yake, irin ya yi yawa mu rarraba wa dangi.

"Ita daga sama take hange, Yaya, kai kuma daga ramin tururuwa."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "To, ɗan yawon duniya, kai ka ga gari." Ya juye tulun.

Wayar ba ta yi ƙarya ba, ruwan sama kaɗan aka yi a Auyo. Amma can inda kogin ya taso an yi shi sosai, ga ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, sai kogi ya fasa ta kanmu. Sati uku gonar na ƙarƙashin ruwa. A kwalekwale muka bi ta samanta, Yaya na tuƙi, bai ko leƙa ƙasa ba. Har yau bai ce mini kai ne ba. Da ya faɗa, da na fi jin sauƙi.

Da rani na ajiye fatauci na shiga neman irin. Na bi ƙauyukan Kirikasamma har Baturiya, ina tambayar tsofaffin mata. Wata gwaggo ta ƙulle mini cikin tafi ɗaya a tsumma, jajawur. Na hau babur, ban tsaya ko'ina ba.

Yaya ya ɓare ƙwaya ɗaya, ya sa a baki, ya daɗe yana taunawa.

Ya ce, "Ba ita ba ce. Sannu da hanya, ƙanena. Shiga ka sha ruwa."